Labo Mai Iri da Layun Shafinsa

Idan ka shiga layin masu iri da taki a Funtua ka ce Malam Labo kake nema, sai an tambaye ka wane Labon. Amma ka ce mai tambayar nan, har mai tura baro zai nuna maka shagon da haɓarsa.

A Bakori aka haife shi, gidan manoman dawa da auduga. Mahaifiyarsa takan ce tun ranar da ya zo duniya take zargin kukan da ya yi tambayar ungozoma yake wa ya aiko ta. Da ya taso bai ƙi noma ba, sai dai ya fi son abin da ke zuwa kafin noman. Idan an yi girbi shi ne mai zaɓen zangarniya mai cika da masara mai jerin haƙora, ya rataye su a madafa hayaƙi ya kore musu ƙwari. Da bazara ta yi nisa sai ya ɗaura su a bayan keke ya bi kasuwanni, yau Bakori, jibi Dayi, wani lokaci har Maska, yana auna wa mutane a tiya. Keke ya zama babur, babur ya zama shago.

Ba ka saya a wurinsa ka tafi salin alin. Sai ya ji daga ina kake, bara me ka shuka, gonar jigawa ce ko fadama, sannan ya rufe da wadda ta zame masa suna: “To wa ya turo ka wurina?” Wasu na cewa gulma ce. Ba gulma ba ce, don ba a taɓa jin maganar wani ta fito daga bakinsa ba. Da amsoshin nan yake sanin irin da zai saro da kasuwar da zai fi ci. Amma ko shi ya san akwai jin daɗi a ciki.

Matarsa Kulu mutuniyar Maska ce, ba ta da yawan magana. Tana da ɗan lambu a bayan gida, kuma tun tana amarya take adana irin kuɓewa da yakuwa da alayyafo da kabewa a kwalabe, ta barbaɗa musu toka. Labo yakan kira su kayan wasan Hajiya. Shi a ganinsa iri shi ne masara da dawa da waken suya, abin da ake ɗauka a buhu.

Shafin intanet ya shigo rayuwarsa ne ta hannun Najiba, 'yar ƙanwarsa, wadda ta karanta kwamfuta kuma take aure a Zariya, sana'arta gina wa 'yan kasuwa shafuka. Wata ƙaramar Sallah ta zo gaisuwa ta ce lokaci ya yi da Kawu zai shiga zamani. Ta jera hotunan iri da bayaninsu, ta sa wani maɓalli kore wanda in mutum ya danna zai faɗo kai tsaye cikin wayar Labo su yi magana. A can ƙasan shafin ta saƙala kwalaben Kulu, don ta ce ba za ta ci miyar mutum shekara da shekaru ta bar shi a baya ba. A sama kuwa Labo ne da kansa, cikin babbar riga, ya ɗaga masara kamar wanda ya ci kofi. Shi ya zaɓi hoton, shi ya ce a ƙara masa girma.

Murna ba ta daɗe ba sai damuwa ta shigo. Ya kira Najiba.

“Wannan shagon naki fa akwai rashin tarbiyya. Mutum ya shigo ba sallama, ya dudduba kaya, ya fita ba sai an jima. Ni kuma ina zaune ban san ma ya zo ba.”

Ta yi dariya ta ce akwai maganin wannan. Akwai wani ɗan guntun rubutu da ake cusawa a cikin shafi, masu sana'ar suna ce masa tag. Mai ziyara ba ya ganinsa, amma duk wanda ya buɗe shafin rubutun zai kai rahoto cewa an zo, daga wane wajen, kuma me aka duba.

“Rubutu ne, ba kowa ke iya karanta shi ba, a ɓoye yake, kuma yana aiki?” in ji Labo. “Ai sai ki ce laya.”

Daga ranar sunan ya zauna. Najiba ta sa masa laya ɗaya mai ƙidayar baƙi, ta nuna masa inda zai riƙa ganin rahoto. Kuskurenta guda, ya roƙe ta lambar sirrin shiga cikin shafin, ita kuma kunyar kawu ta hana ta hana shi.

Abin nema ya samu. Da farko Manu ne ya zo, wani mai dillancin tallace-tallace a intanet, mai daɗin baki da takalmi mai sheƙi. Ya ce zai kai sunan Labo har inda babur bai taɓa zuwa ba, sai dai a liƙa tasa layar a shafin. Ya nuna masa yadda ake kwafowa a manna. Labo ya ga ashe abin bai fi liƙa takarda a bango wuya ba. Bayan Manu wasu suka biyo. Mai cewa tasa tana nuna inda yatsan mutum ya fi taɓawa, mai cewa tasa tana gane wanda ya kusa saye. Kowa ya kawo, Labo ya manna. Wadda ya yi shakkar ko ta kama, ya sake mannawa don a tabbata. Cirewa kuwa bai taɓa yi ba, don a saninsa ba a kwance wa yaro laya sai ta tsinke da kanta.

Rahoto ya yi ta hawa. A majalisar bakin shago bayan La'asar sai ya zaro waya ya zagaya da ita, kowa ya ga yadda duniya ke tururuwa zuwa wurin Labo. Abin da bai faɗa ba shi ne buhunan da ke cikin shago ba su san da wannan tururuwar ba, suna nan yadda suke. Sannan manoma suka fara ƙorafi. Wani daga Maska ya ce ya danna shafin ya ajiye wayar ya yi alwala ya dawo, har yanzu abin na juyawa. Wani ya ce data ɗin da ya saya don jin wa'azi na mako, shafin Labo ya lashe ta a zama ɗaya. Labo ya ce matsalar sabis ce.

Ana cikin haka Baturiya ta dira.

Baturiya taubashiyarsa ce, 'yar ƙanwar mahaifinsa, daga wani babban gida a bayan Dayi inda har yau suke riƙe da addinin kakanni. Manomiyar barkono ce ta ji da gani, ga ta da murya kamar ganga. Tsakaninta da Labo wasa ne tun suna yara, ba ta ragar masa shi ma ba ya ragar mata. Ranar ta sauko daga motar Malumfashi ko gaisawa da maƙwabta ba ta tsaya yi ba, ta miƙa masa waya a fuska.

“Labo, me na yi maka?”

“Ke da ba ki iya sallama ba, me kuwa ba ki yi mini ba?”

“Aradu ba wasa na zo yi ba. Sau ɗaya tak na leƙa shafin nan naka in ga ko kana da irin barkono. Tun daga ranar ka hana ni sakat. In buɗe kiɗa, kai ne. In duba farashin taki, kai ne. Jiya ina kallon bidiyon bikin jikata, sai ga ka tsulum da masara a hannu kana yi mini murmushi. Mijina ya fara tambaya. Wane irin asiri ne wannan?”

Majalisa ta kwashe da dariya. Labo ya karɓi wayar, ya shafa sama, ya shafa ƙasa, sai ga shi kuwa, hula a karkace, haƙora a waje. Da farko abin ya burge shi. Amma da ya ɗago ya ga idon Baturiya sai ya gane a ƙarƙashin wasan akwai ɓacin rai na gaske.

“Ni ban ce a bi ki ba,” ya ce a hankali.

“To wa ya ce? Ko ɓarawon akuya in zai bi sawu yakan ji kunyar a gan shi. Ka cire fuskarka daga wayata kafin in koma gida.”

Ya yi alkawari. Da ta fita cin kasuwa ya shige can ƙuryar shago ya buɗe cikin shafin. Nan ya tarar da abin da ya shuka. Rubutu ne birjik, baƙaƙe da alamomi sun cakuɗe, ba ka gane inda wata laya ta ƙare wata ta fara, balle ka san ta Manu daga ta wani. Ya zaɓi wani dogon layi da ya yi masa kama da mai laifi ya goge. Ya duba, ba abin da ya canza. Ya goge na ƙasansa. Ya sake dubawa, sai shafin ya buɗe nan take, da saurin da bai taɓa yi ba, fari fat. Ba iri, ba maɓalli, ba babbar riga. Garin neman gira an rasa ido. Kuma a makon ne aka yi ruwan shuka, lokacin da kowane manomi ke neman iri.

Baturiya ta dawo ta leƙa, ta ga farin allo, ta ce, “Yauwa, yanzu ka yi kyau.” A hanyarta ta komawa Dayi kuwa hotonsa ya sake ɓullo mata.

Ranar Asabar Najiba ta iso da kwamfutarta a jaka. Ba ta yi faɗa ba, don ba a yi wa kawu faɗa, amma yadda take cewa “ikon Allah” duk bayan ɗan lokaci ya fi faɗa ciwo. Allah ya sa tana da ajiyar shafin tun na farko, ta mayar da shi. Sannan ta bi layun ɗaya bayan ɗaya tana nuna masa. Wannan ta Manu ce, ita ce take yi wa duk wanda ya leƙo alama don talla ta riƙa binsa. Wannan ta mutanen da ya daina hulɗa da su ce tun bara, amma har yanzu tana kai musu labarin baƙinsa. Wannan ba wanda ya san mai ita. Mai ƙidayar baƙi kuwa ya manna ta a wurare da yawa, shi ya sa in mutum ɗaya ya shigo sai a rubuta ayari.

“To ko an rage ai da saura,” in ji Labo, yana neman abin kamawa.

Najiba ta nuna allo. “Kawu, akwai wata waya guda a nan Funtua da ta fi kowa ziyara. Da safe, da rana, bayan La'asar ma abin ya fi yawa. Kuma ba ta duba iri. Hoton sama kawai take tsayawa a kai.”

Labo ya gyara zaman hula. Ya ce bari ya ga ko mai shayi ya buɗe.

Da ya dawo ta riga ta share layun kaf. A madadinsu ta sa guntun rubutu guda ɗaya tak. Ta ce wannan na wata manhaja ce mai kula da tag, aikinta ta tattara su wuri guda. Daga yau ba wanda zai sake taɓa cikin shafin. Duk layar da ake so, a cikin manhajar za a ajiye ta, da sunanta da sunan mai ita a rubuce da Hausa. Kowace kuma da ƙa'idar tashinta. Wata ba za ta motsa ba sai an danna koren maɓalli, wata sai an buɗe sashen masara. Ba kamar da ba, da duk suke rugowa lokaci guda su tare ƙofa su hana shafin buɗewa.

“In na yi kuskure fa?”

“Akwai wurin gwaji. Za ka ga abin yana aiki a wayarka kai kaɗai kafin ka sake shi ga jama'a. In ma ka saki ya ɓaci, manhajar tana riƙe da yadda abin yake jiya da shekaranjiya. Dannawa ɗaya ka koma.”

“In Manu ya zo da sabuwa?”

“A sa ta a nan. Ranar da kuka rabu a kashe ta a nan, ba sai an yi tiyata ba.”

Ta kira Manun a gabansa ta ce ya dakatar da tallar da ke bin mutane, don cire laya kaɗai ba zai saki waɗanda aka riga aka yi wa alama ba. Ta kuma sa aka daina ƙidaya wayar Labo. Sai ta zo kan maganar Baturiya. Ta ce daga yanzu shafin zai fara neman izini, wanda bai yarda ba layun za su yi lamo har ya fita.

Wannan ta yi wa Labo ɗaci. “Wato mutum ya shigo shagona ya ce kada in san shi?”

“Kawu, a nan shagon ma ai akwai masu ce maka ba ruwanka.”

Ya tuna akwai su, kuma yawanci su ne ba sa neman ragi. Ya ce to, amma shi zai tsara maganar, don ba ya son a yi wa baƙinsa Hausar takardar asibiti. Abin da ya faɗa ta rubuta shi ne: “Maraba. Ka yarda mu san hanyar da ka biyo da abin da ka duba, don mu gyara shago? In ba ka so, shigo abinka, ba mai bin ka.”

Makullin manhajar kuwa ta ba shi, amma rabi. Zai iya shirya laya ya gwada, sakinta ga jama'a sai ita daga Zariya. Ya yi gunaguni, ya ce a gidansa an mai da shi ɗan haya. Ta ce na ɗan lokaci ne.

Kafin a yi noman farko shafin ya koma buɗewa ko a Maska. Rahoto ya faɗi warwas, har Labo ya daina zagayawa da waya a majalisa. Amma ɗan abin da ya rage gaskiya ne, kuma gaskiyar ta zo da abin da bai shirya mata ba. Mutanen da tallar Manu ke kawowa leƙowa suke su juya. Masu sayen masara ba su damu da shafi ba, ƙafarsu ta san hanyar shago. Koren maɓallin kuwa, mafi yawan masu danna shi daga can ƙasa suke dannawa, daidai kwalaben Kulu. Dama yakan ga saƙonnin mata suna shigowa suna tambayar kuɓewa, amma yakan amsa a gajarce ya wuce, yana jiran manyan ciniki.

Najiba ta bi hanyar da suka biyo ta gano bakin zaren. Kulu ce ta taɓa tura adireshin shafin a zauren matan unguwa na waya, da ɗan saƙon murya kan yadda ake jiƙa irin kuɓewa kafin a shuka. Daga nan wata ta tura wa 'yar'uwarta a Malumfashi, ita kuma ta tura Kaduna, abin ya yi ta tafiya ba tare da an biya kowa ba.

Da Magariba aka kawo masa tuwo da miyar kuɓewa ɗanya. Ya daɗe yana kallon kwanon.

“Hajiya, ashe ke ce kike riƙe da shagon intanet.”

“Wane shago kuma, Malam? Ni da kayan wasa?”

Ya sa hannu a tuwo. Amma Labo ɗan kasuwa ne kafin ya zama mai girman kai. Cikin mako ya sa aka ɗinka 'yan ƙananan ledoji, ya hau babur zuwa Maska da ƙauyukan Dayi yana saro irin kayan miya daga hannun mata, Kulu tana tantancewa a faifai, tana mayar masa da wanda bai yi mata ba. Aka hau da kwalabenta saman shafi. Hotonsa aka rage shi ya koma kamar na katin zaɓe, a gefe. Shi ya ba da umarnin, ko da yake sai da ya tambaya ko akwai matsakaici.

Da kaka ta gabato Najiba ta yi nauyi, haihuwa ta kusa. Ta ga ba za ta iya amsa kiran Kawu kullum ba, sai ta sakar masa cikakken makulli. Ya yi kwanaki yana bin ƙa'ida. Sai wata safiya ya shirya sabuwar laya da za ta ƙidaya masu duba irin noman rani, ya ga gwaji ɓata lokaci ne ga wanda ya ƙware, ya sake ta haka nan. Kafin Azahar rahoto ya nuna duk wanda ya shafa allo ya sayi buhu. A lissafin manhaja, ya sayar da abin da ya fi shagon da na maƙwabta. Ya kira Zariya, mijin Najiba ya ɗauka ya ce ai suna asibiti, an samu mace. Labo ya yi barka, ya yi addu'a, sannan ya ce ko mai jegon za ta iya magana kaɗan.

Muryarta a gajiye ta ce, “Kawu, ka ba Inna Kulu wayar.”

Ya miƙa. Kulu ta sa tabarau, ta saurara, ta ce “to”, ta sake cewa “to”, ta nemi inda aka jera kwanaki a manhajar, ta danna na jiya. Komai ya koma daidai. Ta miƙa masa wayarsa ta koma kan tsinkar yakuwarta.

Bayan suna Najiba ta sake raba makullai. Na Labo ya koma rabi. Cikakken ta ba Kulu, wadda ba ta taɓa danna abu ba sai ta karanta shi sau biyu. Labo ya kai ƙara wurin ƙanwarsa, uwar Najiba, ta ce ita ba ta shiga sha'anin ma'aikata.

Haka abin yake har yau. Shekarunsa sun haura sittin, shagon ya ƙara ƙofa, ɓangare guda na buhuna, ɓangare guda na ledojin kayan miya da ake aikawa a mota har Kaduna da Kano. Idan wata sabuwar dabara ta zo masa, yakan shirya layarsa da safe bayan ya sha koko, ya gwada ta yadda aka koya masa, sannan ya ɗauki waya ya nufi madafa ya tsaya daga bakin ƙofa.

“Hajiya, in kin samu sarari a sakar mini wannan.”

Wani lokaci takan goge hannu ta karɓa. Wani lokaci kuma ta ce ya jira ta sauke tukunya, sai ya ja kujera 'yar tsugunno ya zauna.